Yadda asibiti zai shirya wa masu kulle kwamfuta don neman fansa, da abin yi ranar da suka auko

Masu kutsen da ke kulle kwamfutocin asibiti su nemi a biya su da kuɗin intanet na Bitcoin sun san inda suke dannawa. Kamfanin da ke sayar da kaya zai iya rufe ƙofa kwana uku ya haɗiye asara, amma asibiti ba shi da bakin ce wa mai naƙuda ko wanda ya yi hatsari ya dawo jibi. Wannan matsin shi ne jarinsu. Duk asibitin da zai iya ci gaba da duba marasa lafiya da takarda da biro, kuma yake da kwafin bayanansa a inda hannunsu bai kai ba, ya riga ya karya musu ciniki. Matakan da ke ƙasa duk kan waɗannan abubuwa biyu suka ginu, kuma na rubuta su ne don shugabannin asibiti, da ma'aikatan sashen kwamfuta, da shugabannin ma'aikatan jinya, domin aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya.

Ku fara da sanin yadda suke shigowa

Ranar da allon kwamfuta ya nuna takardar neman fansa, sau da yawa ɓarayin sun daɗe a ciki. Hukumar lafiya ta ƙasar Ailan, HSE, ta ga haka a 2021. Ranar 18 ga Maris wani ma'aikaci ya buɗe fayil ɗin Excel da ya zo a imel ɗin yaudara. Gungun masu kutse mai suna Conti suka shiga, suka yi mako takwas suna yawo cikin kwamfutocin hukumar, sai ranar 14 ga Mayu suka kulle komai. A cikin makonnin nan manhajar tsaro ta hango motsinsu, ba a dai ɗauki mataki mai ƙarfi ba.

Ƙofofin da suka fi bi uku ne. Akwai imel ɗin yaudara irin wancan. Akwai hanyar da ma'aikata ko 'yan kwangila ke bi su shiga kwamfutocin asibiti daga nesa, idan kalmar sirri kaɗai ke tsaronta. Akwai kuma tsohuwar manhajar da aka gano ɓarakarta, kamfanin da ya yi ta ya fitar da gyara, amma ba a saka ba. Idan sun shiga, sukan fara neman asusun mai kula da dukkan kwamfutoci, su lalubo inda ake ajiye kwafin bayanai su lalata shi, su kwashe bayanan marasa lafiya zuwa wajensu, sannan su kulle. Galibi cikin dare suke yi, ko a ƙarshen mako, lokacin da ma'aikata suka yi ƙaranci.

Mataki na farko: ku rubuta abin da kuke da shi

Ku zauna da shugabannin sassa ku lissafa duk aikin da ya dogara da kwamfuta: rajistar marasa lafiya, foldar kowane majinyaci, ɗakin gwaje-gwaje, bankin jini, ɗakin magani, ɗaukar hoto da sikanin, jadawalin tiyata, biyan albashi, har da wayoyin cikin gida idan ta intanet suke aiki. Gaban kowanne ku rubuta awa nawa asibiti zai iya jure rashinsa kafin rai ya shiga hatsari. Wannan jerin shi zai gaya muku abin da za a fara dawo da shi idan abu ya faru.

Kada ku manta da kamfanonin da kuke dogaro da su. A watan Yunin 2024 gungun Qilin suka kai wa Synnovis hari, kamfanin da ke yi wa wasu manyan asibitocin Landan gwajin jini. Kwamfutocin asibitocin ba su ne aka kulle ba, amma sai da aka ɗage ganin likita fiye da sau 10,000, aka ɗage tiyata da dama, aka kuma shiga roƙon jama'a su ba da jini rukunin O saboda ba a iya tantance rukunin jinin majinyata da sauri kamar da. Ku tambayi kowane ɗan kwangila: idan aka kulle ku, ta yaya sakamakon gwajinmu zai iso mu?

Mataki na biyu: kwafin ajiya da aka gwada

A nan ya kamata kuɗi da hankali su fi tafiya. Ƙa'idar da masu harkar suka saba da ita ita ce kwafi uku na bayanai, a kan na'urori iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri daban. Ga asibiti sai a ƙara sharaɗi: kwafi ɗaya ya kasance a cire yake daga hanyar sadarwar asibiti ɗungurungum, ko kuma a wurin ajiyar da ba a iya gogewa ko sauya abin da aka rubuta sai wa'adi ya cika. Kwafin da ke manne da babbar kwamfuta dare da rana tare za a kulle su. Haka kuma asusun da ke kula da kwafin ajiya ya samu tasa kalmar sirrin daban, wadda ba ta da alaƙa da ta sauran kwamfutoci.

Asibitin Hancock Health da ke jihar Indiyana ta Amurka misali ne da ya kamata a riƙe. A Janairun 2018 aka shigo musu ta asusun wani kamfani da ke yi musu aiki. Suna da kwafin ajiya, amma suka ga dawo da shi zai ci kwanaki, sai suka biya Bitcoin 4, kimanin dala 55,000 a lokacin. Daga baya suka gano ɓarayin sun riga sun lalata wani ɓangare na kwafin.

Saboda haka samun kwafi rabin aiki ne, gwada shi ne ragowar. Aƙalla duk bayan wata uku, ku ɗauki kwamfutar da ba kowa a kanta, ku dawo da tsarin bayanan majinyata daga kwafin tun daga tushe, ku sa agogo ku ga awa nawa ya ci. Ku kira wata nas ta buɗe foldar majinyaci ɗaya ta duba ko maganinsa da sakamakon gwajinsa na jiya suna nan. A irin wannan gwajin ne ake gano cewa kwafin ya daina ɗauka tun watanni, ko lasisin manhajar yana cikin kwamfutar da za a kulle, ko mutum ɗaya tak ya san kalmar sirrin kuma yana hutu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na uku: ku toshe ƙofofin

Duk hanyar shiga daga waje, imel ne ko shiga daga nesa, a saka mata tabbaci mataki biyu: bayan kalmar sirri sai an ƙara da lambar da ke fitowa a waya ko ɗan makullin da ake sokawa a kwamfuta. Kamfanin Change Healthcare na Amurka, wanda ke sarrafa takardun biyan kuɗin asibitoci da shagunan magani masu ɗimbin yawa, ta irin wannan ƙofa aka shige shi a Fabrairun 2024. Andrew Witty, shugaban UnitedHealth a lokacin, wato uwar kamfanin Change Healthcare, ya shaida wa majalisar dokokin Amurka cewa hanyar shiga daga nesa ta Citrix da ɓarayin suka bi ba ta da tabbaci mataki biyu. Bayanan mutum kimanin miliyan 190 ne suka fita. Abin yana ci mini rai, domin gyaran da zai hana wannan ba shi da tsada.

Sai gyaran manhaja. Manhajar kulle kwamfuta mai suna WannaCry ta ɓarke ranar 12 ga Mayu 2017 ta hanyar wata ɓaraka a Windows wadda Microsoft ya fitar da gyaranta tun watan Maris. A Ingila ta taɓa kusan kashi ɗaya cikin uku na hukumomin asibitocin gwamnati na NHS, aka soke ganin likita da tiyata kimanin 19,000, kuma gwamnati ta ƙiyasta asarar da fam miliyan 92. Ku sa ranar saka gyare-gyare a kowane wata, amma na'urorin da ke fuskantar intanet kai tsaye kada su jira wata, cikin kwanaki za a yi musu.

Asibiti yana da wata matsala tasa ta daban: injin sikanin ko na gwajin jini da ya ci kuɗi mai yawa yana iya zama da tsohuwar Windows wadda ba a iya sabuntawa ba tare da izinin kamfanin da ya ƙera shi ba. Irin waɗannan a ware su a nasu ɓangaren hanyar sadarwa, a bar su su yi magana da kwamfutar da suke aika wa sakamako kawai. Haka intanet ɗin baƙi da masu jinya ya zama daban da na aiki. Asusun ma'aikacin da ya bar aiki a rufe shi ranar da ya tafi. Mai kula da kwamfutoci kuma ya riƙe asusu biyu, ɗaya na karanta imel, ɗaya na aikin gudanarwa.

Game da horar da ma'aikata, abu ɗaya na fi so a dasa musu: wanda ya danna abin da bai kamata ba ya faɗa nan take, kuma kada a hukunta shi don ya faɗa. Ma'aikacin da ke tsoron takardar tuhuma shiru zai yi, shirun nan kuwa shi ke ba ɓarawo makonni. A kuma tabbatar akwai mutum takamaimai da ke duba gargaɗin manhajar tsaro har cikin dare, mai ikon cire kwamfuta daga layi ba tare da jiran sa hannun kowa ba.

Mataki na huɗu: akwatin ranar da babu kwamfuta

Kowane ɗakin kwanciya, da sashen gaggawa, da ɗakin tiyata, da ɗakin magani, su samu akwati ko kabad da kowa ya san inda yake. A ciki a zuba fom ɗin karɓar majinyaci, takardar rubuta magani, takardar neman gwaji da ta sakamako, takardar bibiyar zafin jiki da hawan jini, abin ɗaurawa a hannu na rubuta suna, lambobin manna wa kwalaben jini, biro da yawa, da jerin lambobin wayar likitoci da shugabanni a buge a takarda. A kowace rana, ko ma kowane canjin aiki, a fitar da jerin majinyatan da ke kwance tare da magungunansu da abin da jikinsu ba ya ɗauka, a buga a ajiye a wurin da ake kullewa, ko a kwamfuta guda da ba ta haɗe da sauran.

Sannan a yi atisaye. Ku zaɓi safiya ɗaya ku ce wa sashe guda yau babu kwamfuta na awa huɗu. Za ku ga matashin likitan da tunda ya fara aiki bai taɓa rubuta magani da hannu ba yana lissafin adadin maganin yaro da kansa, abin da da kwamfuta ke yi masa har ta gargaɗe shi idan ya zarce. Za ku ga kwalbar jini ta isa ɗakin gwaji da sunan da mutum biyu ke amsawa. A nan za ku tsayar da dokoki: kowane majinyaci da lambar wucin gadi guda da za ta bi duk takardunsa, magani mai hatsari sai mutum biyu sun duba, sakamakon gaggawa a kira a faɗa kuma wanda ya karɓa ya maimaita, a kuma ware masu kai takardu da ƙafa tsakanin sassa. Ku yi yarjejeniya tun yanzu da asibitocin da ke kusa kan wanda zai karɓi masu gaggawa idan kun gaza.

Ranar da abin ya faru

Alamun sukan zo tare: fayiloli sun ƙi buɗuwa, sunayensu sun sauya, wata takarda ta bayyana a allo, wani lokaci ma firinta ta kama fitar da saƙon ɓarayin. Wanda ya fara gani ya kira lambar gaggawar sashen kwamfuta, ya zare wayar intanet daga bayan kwamfutar, ya kashe Wi-Fi ɗinta. Kada ya kashe kwamfutar kanta idan har an iya raba ta da layi, domin akwai shaidar da masu bincike ke buƙata wadda ke ɓacewa da zarar wuta ta yanke. Idan abin ya bazu, masu kula su yanke sassan hanyar sadarwa daga tushe, su yanke hanyoyin shiga daga nesa, su tabbatar kwafin ajiya a cire yake. Na'urar da ke jikin majinyaci, kamar ta taimakon numfashi, babu mai taɓa ta sai da likita da injiniyan kayan asibiti a tsaye.

Cikin awa ta farko shugaban asibiti ya ayyana cewa an koma takarda, ya naɗa mutum biyu: ɗaya ya jagoranci kula da majinyata, ɗaya ya jagoranci aikin kwamfuta. Likitoci su yanke shawarar wace tiyata za a ɗage, waɗanne majinyata za a tura wani wuri, a kuma sanar da masu motocin ɗaukar marasa lafiya. Wannan shawarar tana da nauyi. A Satumban 2020, da aka kulle asibitin jami'ar Dusaldof a Jamus, an karkatar da wata mata mai tsananin ciwo zuwa garin Wuppertal, ta kuma rasu. Masu gabatar da ƙara ba su iya tabbatar da cewa jinkirin ne ya kashe ta ba, amma labarin ya nuna abin da rufe sashen gaggawa ke nufi.

Kada ku tattauna shirinku ta imel ɗin asibiti, ku ɗauka ɓarayin suna karantawa. Ku yi amfani da wayoyin hannu da ganawa ido da ido. Ku ɗauki hoton takardar fansar da waya, ku rubuta lokacin da aka ga kowane abu, kada ku goge fayilolin da aka kulle, kada kowa ya amsa wa ɓarayin da kansa. A ranar ku sanar da 'yan sanda ko hukumar tsaron intanet ta ƙasarku, da hukumar kare bayanan jama'a, da kamfanin inshora idan kuna da shi, da lauyan asibiti. A Tarayyar Turai doka ta ba da awa 72 a kai rahoton fitar bayanan mutane, ƙasashe da yawa kuma suna da wa'adi irin nasu. Kai rahoto yana da amfani na zahiri: hukumar FBI ta kutsa cikin gungun Hive a 2022, ta yi watanni tana miƙa wa waɗanda aka kulle mabuɗan buɗe fayilolinsu a ɓoye kafin ta rushe gungun a Janairun 2023. Ku kuma duba shafin No More Ransom, wanda hukumar 'yan sandan Tarayyar Turai, Europol, da 'yan sandan Holan da wasu kamfanonin tsaro suka kafa a 2016, inda ake samun mabuɗan wasu nau'o'in manhajar kyauta.

Maganar biya

Ɓarayin sun zaɓi kirifto, wato kuɗin intanet irin su Bitcoin, saboda kuɗin yana tsallaka ƙasashe ba tare da banki ba, kuma idan ya tafi ba a janyo shi. Duk da haka Bitcoin ba ya ɓoye sawu yadda mutane ke zato, domin kowace hada-hada a rubuce take a kundin da kowa ke iya gani. Da haka ne hukumomin Amurka suka ƙwato Bitcoin 63.7 daga cikin 75 da kamfanin bututun mai na Colonial ya biya a 2021. Wannan ne ya sa wasu gungun suka fi son Monero, wanda bin sawunsa ya fi wuya. Ko ba ku biya ba, ku ba masu bincike adireshin asusun kirifton da ke cikin takardar fansar.

Ra'ayina shi ne kada a biya, kuma a tsayar da wannan matsaya a rubuce tun kafin ranar. Ba na zargin shugaban da ya ga rayuka a gabansa ya rasa mafita, kamar asibitin Hollywood Presbyterian na Los Anjelis da ya biya Bitcoin 40, kimanin dala 17,000, a 2016. Amma a san abin da ake saya. Mabuɗi ba ya dawo da asibiti cikin dare ɗaya. Gwamnatin Ailan ta ƙi biyan kusan dala miliyan 20 da Conti suka nema, ɓarayin suka saki mabuɗin kyauta bayan kusan mako guda, amma sai da aka kwashe wata huɗu kafin a gama dawo da tsarin. Alƙawarin goge bayanan da aka sace kuwa maganar ɓarawo ce. A harin Change Healthcare, UnitedHealth ya biya dala miliyan 22, shugabannin gungun ALPHV da ya kai harin suka gudu da kuɗin suka bar abokin aikinsu riƙe da bayanan, sai ga wani gungun mai suna RansomHub ya fito da sabuwar buƙata. Da hukumar yaƙi da manyan laifuka ta Birtaniya, NCA, ta ƙwace kwamfutocin gungun LockBit a 2024, ta tarar da bayanan waɗanda suka riga suka biya suna nan ba a goge ba. Ga kuma doka: ma'aikatar kuɗin Amurka ta yi gargaɗi tun 2020 cewa biyan gungun da aka saka wa takunkumi zai iya jawo hukunci. Idan har hukumar gudanarwar asibiti ta ga babu makawa, to da sanin jami'an tsaro da lauya da ƙwararrun masu shiga tsakani za a yi.

Dawo da aiki

Gaggawa a nan tana mayar da hannun agogo baya. Kafin a jona kwafin ajiya, sai masu bincike sun gano ta inda aka shigo da ranar da aka shigo, an toshe wurin. In ba haka ba za ku dawo da bayanai ku miƙa wa wanda har yanzu yana ciki. A goge kwamfutocin da abin ya shafa a sake ɗora musu manhaja daga tushe mai tsabta, a sauya dukkan kalmomin sirri har da na asusun da manhajoji ke amfani da su a tsakaninsu, a binciki kwafin kansa a keɓe kafin a yarda da shi. Sannan a bi jerin nan na mataki na farko: tsarin shiga da tantance ma'aikata, sai bayanan majinyata, ɗakin gwaji da bankin jini, ɗakin magani, ɗaukar hoto, sauran su biyo baya. Kowane sashe da aka dawo da shi, ma'aikatansa su gwada su sa hannu kafin a ajiye takarda.

Ku gaya wa majinyata gaskiya da wuri: abin da aka sace, abin da zai iya biyo baya, da lambar da za su kira. Akwai gungun da ke kiran majinyata kai tsaye suna yi musu barazanar fallasa cutarsu, gara su ji daga bakinku tukuna.

Aikin da aka fi mantawa da shi shi ne tulin takardun da aka cike a kwanakin kullen. A ware ma'aikata su shigar da su kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, a haɗa kowace lambar wucin gadi da ainihin foldar mai ita, likitan magunguna ya duba duk maganin da aka fara ko aka tsayar a lokacin. A fitar da sunayen duk waɗanda aka ɗage wa tiyata, ko gwajin cutar kansa, ko wankin ƙoda, a kira su ɗaya ɗaya a ba su sabuwar rana, a fara da waɗanda jinkiri ya fi yi wa illa.